Buhunan Jingarmu Sun Tafi Kallon Fim

Ranar Talata na fita karɓo buhu, na dawo da awa uku da rabi na fim ɗin Indiya a kaina. Ku ba ni hankalinku in ba ku labari, domin in ban faɗa ba cikina zai kumbura.

Mai karatun da ba a Haɗeja yake ba, zai ce buhun da babu komai a cikinsa har shi ne abin yin sammako? To mu nan, da zarar Agusta ta kama, buhu fanko ya fi buhun shinkafa daraja. Tsakanin unguwarmu da kogi akwai jinga, wato tudun ƙasar da iyayenmu suka tara don ya tare ruwa. Bara ruwa ya ci gefe guda, ya bar ɓaraka mai faɗin tabarma huɗu, kuma daidai bayan gidanmu. Daga bakin ɓarakar zuwa bangon ɗakin da yarana ke kwana taku ashirin da uku ne. Na auna da ƙafata, ba sau ɗaya ba. Zuba ƙasa tsurarta a wurin kamar zuba gari ne a tafki. Sai an ɗura ta a buhu, an ɗaure baki, an jera an danne, sannan take tsayawa.

Damina uku ke nan manyanmu na Kwamitin Kwantar da Hankalin Maƙwabta Kogi suna mana alkawarin buhuna. Shugabansu, Mai Girma Sarkin Za-a-duba, Allah ya ja zamaninsa, mutum ne da bai taɓa cewa a'a ba. Shi dai bai taɓa cewa ga shi ba ne. To bana Allah ya yi, ranar Litinin mota ta sauke buhuna a ɗakin taron unguwa. Aka yi shelar gayya. Talata da safe maza suka ɗauki shebur da baro, ni ma na goya Jannatu, na riƙe hannun Kamila mai shekara huɗu, na bi bayan babansu. Gidan wa ya fi kusa da ruwa? Ba zan zauna a ba ni labari ba.

A ƙofa muka tarar da Malam Sakataren kwamitin, da hula a karkace da biro uku a aljihu.

"Ranka ya daɗe, mun zo ɗaukar buhuna," in ji Baban Kamila.

"Madalla. Buhuna suna nan lafiya. Sai dai suna kan aiki."

"Aikin me, ranka ya daɗe?"

"Wayar da kai."

Na leƙa. Wallahi mai karatu, ga buhunanmu nan an kafe su da ƙusa a kan tagogi takwas. Wasu an haɗa su an yi ƙaton allon majigi. Wasu an shimfiɗa a ƙasa don zama, ragowar kuma an jera su tun daga inda mota za ta tsaya har ƙofa, kada takalmin Mai Girma ya gaisa da taɓo. Ashe kwamiti ya zauna ya yi dogon nazari, ya gano cewa babbar matsalar mutanen bakin kogi ita ce tashin hankali, maganinta kuwa fim. To fim yana son duhu, Mai Girma kuma ba ya kaiwa magariba a unguwarmu saboda sauro. Sai aka kawo masa duhun da rana tsaka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Janareta na ta ruri, cike da fetur har wuya. Kwana biyu kafin nan Baban Kamila ya wuni a layin mai da jarka don injin da muke zuƙe ruwan tsakar gida da shi, ya dawo da jarkar tana kuka kamar ganga. Ban san ta wace ƙofa fetur ke bi ya iske manya ba, amma dai ba ta layi ba ce.

Malam Sakatare ya ce duk wanda ya zauna har ƙarshe zai tafi da buhuna. Maza suka dubi juna, suka koma bakin ɓaraka su fara tara ƙasa. Mu mata aka bar mu gadin buhu. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Na zauna.

Fim ɗin kun san shi. Sunansa na Indiyanci ba mai iya faɗa daidai, a nan Ɗan Fito muke ce masa. Ya haura shekara arba'in, kuma har yau in ka ce ba ka son sa a gaban dattijai, kallon da za a yi maka sai ka ɗauka ka zagi kakan wani. Ga wanda bai gani ba: wani talaka ne mai kwale-kwale, yana fito da mutane a kogi, yana da mata kyakkyawa da jariri guda. Wani attajiri mai gashin baki yana son ƙwace mashigin. A yi waƙa, a yi kuka, a yi dambe, a sake waƙa. Daga ƙarshe ambaliya ta taso wa ƙauyen, ɗan fito ya tsaya a cikin ruwa ya yi wa kogi waƙa, kogi ya ji kunya ya koma. Shi ke nan.

Kusa da ni Inna 'Yar'azumi ce, maƙwabciyarmu mai suyar kifi, wadda ta ce tun zamanin kaset ta kalle shi ya fi sau talatin. Ba ta jin Indiyanci, amma tana riga jaruma buɗe baki. Tun ba a gama rubutun farko ba ta fara share hawaye.

Kada ku ce ƙiyayya ce. Ni ma da shi na tashi. Mahaifiyata tana yi mini wanka tana rera waƙar kogin nan da kalmomin da ta ƙirƙira da kanta. Kiɗan yana da daɗi, sarewar tana shiga har ɓargo, wannan ko maƙiyi ya sani. Amma rabona da fim ɗin tun ina budurwa. Ranar Talata na kalle shi da goyo a baya da yarinya a cinya, sai na ga kamar an canja shi.

A waƙa ta biyu, jaruma ta sauko bakin kogi da jaririnta. Ta ji sarewar mijinta. Sai ta ajiye ɗan a gindin bishiya, taku biyu daga ruwa, ta ruga. Na duba agogon wayata. Minti goma sha ɗaya tana tsalle daga dutse zuwa dutse, ta canja sari sau shida, har kan wani tsauni mai ƙanƙara ta je ta dawo, jariri yana nan a ƙasa.

Na ce, "Inna, wa ke riƙe da yaron?"

"Ke yi shiru, yanzu za ta juyo da ido."

"Inna, yaron fa?"

"Allah ke riƙe da shi. Haba Maman Kamila, fim ake yi."

"A bakin kogi? Ko kaza ba ta barin ɗan tsakonta haka."

"Ke dai ba ki san so ba. 'Yan zamani, an ba ku waya an ƙwace muku zuciya."

Wannan jariri, jama'a, awa uku da rabi ban ga an ba shi nono ba. Ban ga an wanke masa kashi ba. Ruwan sama ya doke shi a waƙa ta huɗu tun daga farko har ƙarshe, washegari yana dariya, ko atishawa babu. Jannatu tawa yayyafi kawai ya taɓa ta wancan makon, kwana uku muka yi muna fama da zazzaɓi. Uwar kuwa ban ga ta hura wuta ba sai sau ɗaya, shi ma tukunyar ta bari a kai ta tafi rawa da ƙawayenta arba'in, waɗanda da alama duk ba su da aikin yi a gidajensu.

Sai ambaliya. Nan ne na gyara zama, na ce to bari mu ga wayar da kan. Ruwa ya taso shuɗi garau kamar an tace shi. Babu kainuwa, babu mushen akuya, babu maciji, babu abin da shadda ke amayarwa idan ta cika. Mutanen ƙauye suka fito. Na ce yanzu za su kwashe hatsi su kai tudu, su kwance dabbobi, su ɗora tsofaffi a kwale-kwale, tunda ga jarumi da jirginsa. Ina! Layi suka ja, mata gaba maza baya, suka ɗaga hannu sama suna juyi. Ƙauye guda ba mai shebur ko ɗaya. Mai jirgin ma barin jirgin ya yi ya shiga ruwa har ƙirji yana waƙa. Da ruwan ya janye, ƙasa tas kamar an share, bango ko tsagewa bai yi ba, aka ɗora da rawar biki.

Duk wannan, Malam Sakatare yana tsaye a gefen allo da lasifika yana mana fassara da sharhi. "Kun ga juriya! Kun ga haɗin kai! Ku lura, ba wanda ya tsaya yana ƙorafi a kan hukuma!" Mai Girma a kujerar gaba yana kaɗa kai, yana kurɓar lemo, ƙafarsa na bin kiɗa. A nan na gane dalilin da ya sa manya ke ƙaunar Ɗan Fito. Fim ne da ambaliya ke zuwa ta koma ba tare da an nemi kowa ya kawo komai ba. Talaka ya yi waƙa, ruwa ya tafi, kowa ya tafa. In ni ce shugabar kwamiti, ai kullum shi zan riƙa sakawa.

Ana cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To Ɗan Fito ya cika arba'in, an ce a yaba. Ni kuwa na ce a dai sake duba hannun. Daɗewa ba ita ce nagarta ba. Alkawarin buhunan nan ma ai ya daɗe. Abin da ya riƙe fim ɗin waƙoƙi ne guda biyu masu daɗi da ƙuruciyar waɗanda suka fara kallonsa. Inna ba don ɗan fito take kuka ba, don marigayi mijinta take yi, wanda ya aro bidiyo ya kawo mata tana amarya. Wannan hawaye ina girmama shi. Amma a cire shi a gefe, me ya rage? Mutane marasa lissafi da suka yi sa'a ruwan na wasa ne.

Bayan azahar aka gama. Mai Girma ya yi jawabi, ya yaba mana da natsuwa, ya ce kwamiti ba zai yi barci ba sai hankalinmu ya kwanta. Ya taka buhunanmu ya shiga mota. Aka fara ɓamɓare na tagogi, muka matsa da murna. Na ɗaga na farko, sai na ga ya buɗe kamar zane. Na biyu haka. Ashe don su rufe taga sosai, an bi su da reza an farke gefe da gindi. Na allon majigi ma haka. Waɗanda suka tsira sai na shimfiɗa, su kuma ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

"Malam Sakatare, an farke su fa."

Ya karɓa ya juya shi, ya dube ni kamar wadda ba ta da godiya. "Hajiya, ai faɗinsu ƙaruwa ya yi."

"Ƙasa za mu zuba a ciki, ranka ya daɗe. Ina cikin?"

"To wannan kuma ɓangaren fasaha ne. Za a duba."

Inna 'Yar'azumi ta goge idonta da bakin mayafi ta ce, "Ɗan nan, uwarka ta taɓa aikenka niƙa da faranti?" Sai ya juya, wai ana kiransa a waya.

Muka kwaso su haka nan a ka, muka zube a tsakar gidana tunda shi ne kusa da aiki. Da la'asar ina zaune ina ware masu rai da matattu, Jannatu na barci, sai na ji gidan ya yi shiru irin wanda uwa ba ta so. Na kira Kamila, ba amsa. Ɗaki babu, bayan murhu babu. Ƙofar baya a buɗe.

Taku ashirin da ukun nan ban san sau nawa ƙafata ta taɓa ƙasa ba. Maza sun tafi salla, ba kowa a wurin. Tana tsaye a tsakiyar ɓarakar, ruwa har gwiwarta, ja wur da laka, yana jan siket ɗinta. Ta ɗauki gyalena ta ware shi da hannu biyu, ta ɗaga kai sama tana rera waƙar nan da muryarta 'yar siririya. Taku ɗaya a gabanta akwai inda ƙasa ta zabtare, wanda namiji ma sai da sanda yake gwadawa. Na fizgo ta da ƙarfin da har yau akwai shaidar yatsuna a damtsenta. Gyalen ya tafi, ban ko bi shi da kallo ba.

Tana kuka ta ce, "Umma, ina ce masa ya koma ne. Don kar ya shigo ɗakinmu."

Ban doke ta ba. Me zan doka? Yarinya ta ji iyayenta kullum suna maganar ruwa, an kai ta ɗakin taro, manya masu manyan riguna sun nuna mata yadda ake korar ruwa, har da lasifika. Ita kaɗai ce a duk unguwar ta ɗauki wayar da kan da muhimmanci. Na zauna a kan jinga na rungume ta har babanta ya dawo daga masallaci ya same mu a haka.

Saboda haka masu aiko mini da saƙo cewa Ɗan Fito gado ne, a bar shi da mutuncinsa, ga amsata. Ku ji waƙoƙinsa a waya, ba na hana ku. Ku tuna ƙuruciya, halal ne. Amma fim ɗin da uwa ke ajiye ɗa a bakin ruwa a tafa mata, namiji ya bar jirgi ya kama waƙa a kira shi gwarzo, bai ci yabon shekara arba'in ba. A garin da ba kogi ma ƙarya ce mai daɗin kiɗa. A garin da kogi ke kwana a bayan ɗaki kuwa, bakin rijiya ne aka kai makaho wasa.

Washegari Laraba, tun da hantsi matan unguwa suka cika tsakar gidana, kowacce da basilla da zaren buhu. Inna 'Yar'azumi ce ta fara zuwa, ta bar kaskon kifinta a kife. Da ta ji abin da ya faru ta ɗauki Kamila ta ɗora a cinya. Can ta ce, "Laifin ba na fim ba ne. Ba a yi shi don tare ruwa ba. Wanda ya ɗauki ludayi ya tafi noma, ludayin za a zaga?"

"Inna, ludayin ma a fashe yake."

"Ke dai bakinki. Miƙo zaren."

Muka yi ta ɗinki. Gefe, gindi, a juya, a ja a gani ko zai riƙe, a jefa wa maza ta katanga. Ba a jima ba na ji Inna ta fara gunguni da waƙar kogi, allurarta na bin kiɗan. Na ɗago na dube ta. Ta dubi Kamila, ta haɗiye sauran, ta koma salati. Daga nan har muka gama da salati aka yi aikin, kuma bai rage sauri ba.

Kwana biyu da rabi muka yi. Yatsuna duk sun huje, tuwo ma da cokali nake ci. Kogi kuwa bai tsaya jiranmu ba: kafin a rufe ɓarakar sai da ya leƙo ya jiƙa gindin bangon ɗakin yara, har ya tsage kamar tsawon hannu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ɗora buhu na ƙarshe, jeri biyar. Yanzu ruwa yana lasar na uku. Yaran kuwa na kwashe su, sun koma ɗakina, ƙofar baya kuma na sa an yi mata sakata a sama, inda hannun mai shekara huɗu ba ya kaiwa ko ta taka turmi.

Jiya Asabar sai ga Malam Sakatare da sallama, yana ɗage riga saboda taɓo. Wai an yaba da shirin ƙwarai, har mutanen wata unguwa can gaba sun roƙi a kai musu, su ma jingarsu ta yi rauni. Ko za mu taimaka mu ara wa kwamiti buhunan na kwana ɗaya, saboda tagogi?

Inna 'Yar'azumi ta kama hannun rigarsa ta kai shi har kan jinga, ta nuna masa su a jere, rabinsu a cikin ruwa.

"Ga su can, ɗan nan. Shiga ka zaɓa."

Ya tsaya yana kallon ruwan, ruwan na kallonsa. Ya ce zai koma ya sanar da Mai Girma.

Mutanen waccan unguwa, ban san ku ba, amma ga shawarar 'yar'uwa kyauta: in kun ji ƙarar janareta ta doso ku, ku aika a sayo basilla tun kafin ta yi tsada, kuma ku bar yara a gida.